Masu nutso a Bahar Maliya ba wasa suke da ransu ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira. Abinda yasa nake rubuto maka shine hoton nan da kuka saka kwanakin baya a shafin nishaɗi, na wasu mutane sanye da baƙar rigar roba da tukwane goye a bayansu suna faɗawa teku daga jirgin ruwa, aka rubuta a ƙasansa wai turawa ne da kuɗi ya yiwa yawa suke biyan maƙudai su kwana a tsakiyar teku suna wasa da ransu da tukunyar oksijin. Maganar bata min daɗi ba gaskiya, ba wai don ina kare turawa ba, su ai sun iya kare kansu, sai don nasan harkar, na zauna a Bur Sudan, garin da ke bakin Bahar Maliya a ƙasar Sudan, ina aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa kafin yaƙin nan ya koro mu, na shiga irin wannan jirgin, kuma waɗanda na gani suna cin abinci da wannan sana'a yawancinsu talakawa ne irina da kai, har da masu jin Hausa rangaɗaɗau.

Bari in fara da tukunyar. Ba oksijin bane a ciki Malam Edita, iska ce dai irin wadda muke shaƙa yanzu haka, inji ne yake tace ta ya matse ta cikin silinda har ma'aunin ya kai wajen 200, kuma da ace zallan oksijin ne da duk wanda ya wuce mita 6 ƙasa yana iya kamuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya a cikin ruwa, shikenan kuma sai dai wani ba shi ba. Na kawo wannan ne don mai karatu ya gane harkar nan gaba ɗayanta lissafi ce da bin doka, ba ƙarfin hali ba kuma ba iya iyo ba, nasan mutumin da ya tashi a bakin kogi yana iyo tun yana yaro amma aka hana shi sauka saboda bashi da takardar shaidar koyo, kuma daidai aka yi masa. Duk mita 10 da ka sauka nauyin da ke danne jikinka ƙaruwa yake, a mita 10 ya ninka na doron ƙasa sau biyu, a mita 30 sau huɗu, shi yasa kunne ke ciwo sai ka toshe hanci ka hura a hankali ya buɗe. Dokar da malami zai yi ta nanata maka har ka gaji ita ce kar ka kuskura ka riƙe numfashi, domin iskar da ka shaƙa a ƙasa in kana tasowa kumbura take, in bata samu hanyar fita ba huhun zata fasa. Sai ta biyu, ba a tasowa da gaggawa. Sinadarin naitirojin da ke cikin iska narkewa yake a jini in kana ƙasa, ka taso a guje sai ya zama kumfa a gaɓoɓi da laka, wani ya shanye wani ya mutu, don haka kowa sai ya tsaya a mita 5 yayi minti 3 yana reto kafin ya fito, kuma bayan nutson ƙarshe ba a hawa jirgin sama sai an kwana an wuni. Mai takardar farko iyakarsa mita 18, in ya ƙara karatu ya kai 30, masu yi don nishaɗi duk ƙwarewarsu basa wuce 40. To ina wasa da rai a nan?

Dalilin kwana a jirgin kuma ba gata bane, wuraren ne da nisa. Duwatsun murjani masu kyau suna can cikin teku inda in kace kullum daga gari zaka taso ka dawo to a hanya ranar zata ƙare, sai aka ga gara a ɗauki gidan gaba ɗaya a kai shi can, jirgi mai ɗakunan kwana ƙanana da kicin da janareta da injin cika silinda da na tace ruwan gishiri, a fita mako ɗaya ko biyu ba a taka ƙasa ba. Ba zan ɓoye maka ba akwai tsada, ni kaina da ba don wani aminina bakanike da ke kula da injin cika iska a ɗaya daga cikin jiragen ba da ban isa ba, shi ya haɗa ni da malamin da ya koya min, kuma in ƙarshen kakar baƙi tazo gado ya rage babu kowa sai mai jirgi ya yi min rangwame. Wannan aminin nawa haifaffen Sudan ne, ubansa ma haka, amma Hausarsa ta Sakkwatawa ce tsantsa, in yace maka "mi kaka so" sai ka rantse jiya ya baro Wurno.

Rayuwar cikin jirgi kam ɗaya ce kullum amma bata gundura. Kafin rana ta fito an buga ƙararrawa, wanda zai yi sallah ya riga yayi, kuma abin dariya jirgin da ke kan anka juyawa yake da iska, jiya alƙibla tana wajen kicin yau ta koma wajen silindu, sai rayyis, wato shugaban jirgin, ya duba kamfas ya nuna mana gabas maso arewa, Makka ai tana tsallaken ruwan ne kawai. A sha shayi tsaye, jagora ya zana taswirar dutsen a allo yace ga inda zamu faɗa, ga inda igiyar ruwa ke ja, kar wanda ya wuce zurfi kaza, in ma'aunin iskarka ya sauko 50 ka taso. Kowa da abokin tafiyarsa, kai ka duba kayansa shi ya duba naka, a ɗaura ɗamarar dalma don ruwan Bahar Maliya gishirinsa yafi na yawancin tekuna, babu wani kogi da ke zuba a cikinsa ga zafin rana na ƙafar da shi, in baka ƙara nauyi ba sai kayi ta yawo a sama ka kasa nutsewa. Daga nan a shiga ƙaramin kwalekwalen roba mai inji, a isa wurin, jagora ya ƙirga uku kowa ya wuntsila ta baya. A ƙasa babu magana sai da hannu, kuma in ka ɗaga babban yatsa ba lafiya lau kake nufi ba, cewa kayi mu tashi sama, sababbi kullum sai sun rikita jagora da wannan. A fito a ci ful, wato dafaffen wake, da mai da burodi, a kwanta a inuwa, a sake sauka kafin azahar, a sake da la'asar, masu ƙarfi su ƙara na dare da tocila. Babu sabis babu intanet, waya ta zama agogo da kyamara kawai, da daddare ma'aikata su dafa jabana, wato kofi, mai citta a zauna ana hira da Larabci da Italiyanci da guntun Turanci.

Mutane suna ɗauka ƙarƙashin ruwa shiru ne, ina! In ka matso kusa da dutsen murjani zaka ji wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas ba tsayawa kamar an zuba ƙosai a mai mai zafi, ƙananan jatan lande ne ke yinta da ƙafafunsu, ga kuma kifin aku yana gatsar dutse da haƙoransa kana jinsa ƙarara, ya niƙa ya kasayar da shi farin yashi, da yawan farin rairayin da ake ɗaukar hoto a kansa a tsibirai daga cikin wannan kifin ya fito. Launi kuma ɓacewa yake in kana sauka, ja ne ke fara tafiya, in ka ɗan yanke a zurfi jinin kore-kore zaka ganshi, sai ka haska tocila sannan ainihin kalar abu ta dawo. Shi kansa murjanin ba dutse bane ba kuma tsiro ba, dabba ce ƴar mitsitsiya, miliyoyi a wuri guda kowace na gina ma kanta gida da farar ƙasa, ta mutu wata ta ɗora a kai, shekaru dubbai har ya zama katanga da zaka bi gefenta ka leƙa ƙasa baka ganin ƙarshe. Ba irin jan murjanin da iyayenmu mata ke ratayawa bane, wancan dangi ne amma yawancinsa daga tekun Bahar Rum ake samo shi.

Wuri na farko da ake kai baƙi, saboda yana bakin gari, shine wani jirgin Italiya mai suna Umbria. Tsawonsa ya kai mita 150, a watan Yunin 1940 ya biyo ta Suwes ɗauke da bamabamai kusan dubu 360 zai kai ma sojojin Italiya a Eritiriya, Ingilishi da ke mulkin Sudan a lokacin suka tsare shi a wajen Bur Sudan da sunan bincike suna ta jan ƙafa, kyaftin ɗin ya kunna rediyo yaji ƙasarsa zata shiga yaƙin duniya na biyu, ya san in gari ya waye kayan nan sun zama ganima, sai yace a yi atisayen ceto, mutanensa suka sauka cikin kwalekwale alhali a ƙasa an riga an buɗe ma ruwa hanya. Har yau yana nan kwance a gefensa na hagu, wasu ƙarafunansa ma suna leƙowa saman ruwa. Na shiga rumbun kayansa a bayan jagora, tocila a hannu, ga bamabaman nan jere a kan juna layi layi har inda haske ya ƙare, laka ta rufe su, ƙananan kifaye na shiga tsakaninsu suna fita, a wani rumbun buhunan siminti sun daskare da siffar buhunsu, ga kwalabe zube, ga motocin Fiat guda uku da sitiyarinsu. Dokar wurin kallo kawai, ko ƙusa ba a ɗauka, kuma ba sai an maimaita ma kowa ba in ya ga abinda ke kwance a gabansa.

In an ƙara arewa sai dutsen murjanin da ake kira Sha'ab Rumi. A nan ne a 1963 Bafaranshen nan Jacques Cousteau, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙera na'urar shaƙar iskar da ake amfani da ita har yau, ya gina ƙauye a ƙarƙashin ruwa don a gwada ko ɗan Adam zai iya zama a can, mutanensa suka yi wata guda a gida mai zurfin mita 10, wasu biyu suka yi mako a wani ƙaramin ɗaki da ya fi wannan zurfi sosai. An kwashe gidajen amma garejin ƙaramin jirginsu na ƙarƙashin ruwa yana nan, murjani ya lulluɓe shi, ana shiga ta ƙasa a ɗago kai cikin iskar da ta taru a rufinsa, har ka cire abin bakinka kayi ma abokinka magana, sai dai jagora zai gargaɗe ka kar ka shaƙi wannan iskar don numfashin mutane ne da ya daɗe a wurin. Amma ba don Cousteau ake tashi da asuba a Sha'ab Rumi ba, don kifin shak mai kan guduma ne. A kudancin dutsen akwai wani fili a ƙarƙashin ruwa, ka sauka ka tsaya a bakinsa ruwa na janka kana kallon shuɗi ba komai, can sai inuwa ta fara fitowa, ɗaya, biyar, sai kaga garke guda suna wucewa a natse suna kaɗa kai hagu da dama, ko kallo baka ishe su ba, in ma kumfar numfashinka tayi yawa su suke gudu.

Nasan a nan mai karatu zai ce to ai ga wasa da ran nan. Ban ce shak baya kisa ba, a 2023 ya kashe wani ɗan Rasha a bakin ruwan Hurgada ta Masar kuma duniya taga bidiyon, amma a duk faɗin duniya waɗanda yake kashewa a shekara da wuya su wuce goma da ƴan kai, mu kuwa masana sun ƙiyasta muna kashe masa miliyan 80 zuwa 100 duk shekara, da yawa don a yanke fiffiken a kai Asiya a yi miya. Abinda ke kashe mutane a wannan harka, in za a faɗi gaskiya, jirgin ne da sakacin masu shi. A Satumban 2019 wani jirgi mai suna Conception ya kama da wuta cikin dare a Kalifoniya ta Amurka, mutum 34 suka mutu a ɗakin kwana, bincike ya nuna babu wanda aka bari a farke yana gadi alhali doka ta ce a bari. A ranar 25 ga Nuwamban 2024 wani mai suna Sea Story ya kife kusa da Marsa Alam a Masar da mutum sama da 40, aka ceto mafi yawansu, sauran 11 wasu an ga gawa wasu har yau babu labari, cikin waɗanda aka ceto har da waɗanda suka fi kwana guda a maƙale cikin ɗan wurin da iska ta rage a jirgin. Mu da muka ga abinda ya faru da ƴan biki a Patigi a 2023 ba sai an yi mana dogon bayani kan sakacin jirgin ruwa ba. Da a kan wannan sakacin jaridar tayi rubutu da na tafa mata, a faɗa ma duk wanda Allah ya hore masa yake son zuwa, kuma akwai su a cikinmu don naga yaranmu da ke karatu a Masar da Saudiyya sun fara, cewa kafin ya biya ya tambayi ina ƙofar gudu ta biyu daga ɗakin kwana, ya je ya buɗe ta da hannunsa, ya ga rigar ceto a ɗakinsa, ya tambaya wa ke gadin dare, akwai oksijin na jinya a jirgin ko babu, kuma awa nawa ne zuwa asibitin da ke da ɗakin matsin iska, inda ake jinyar wanda ya taso da gaggawa. Mai jirgin da ya ɓata rai don an yi masa waɗannan tambayoyi, a bar masa jirginsa.

Wani abin da yasa nake ganin bai kamata mu riƙa kallon tekun nan kamar na wasu ba, ai hanyarmu ce. Kafin jirgin sama kakanninmu da ƙafa da jaki suke ratsa Barno da Wadai da Darfur, shekara da shekaru, a tsaya a yi noma ko aikin auduga a Jazira a tara guzuri, wasu su zauna ɗungurungum kamar mutanen Mai Wurno da suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, masu ƙarasawa su isa tsohuwar tashar Sawakin a bakin Bahar Maliya su hau jirgin katako zuwa Jidda. A kan waɗannan duwatsun suka wuce, su suke tsoro in dare yayi don su ke fasa jirgi. Sawakin ɗin kanta da tubalin murjani aka gina benayenta, yanzu yawanci sun zube, kuma ƙuncin mashigarta tsakanin murjani ne yasa manyan jirage suka gagara shiga har Ingilishi suka fara gina Bur Sudan a 1905. Kakan aminin nan nawa a cikin masu wannan tafiya yake, ya sauke farali ya dawo Sawakin kuɗin komawa gida ya gagara, ga jikansa yau yana cika ma ƴan Italiya da Jamus silinda.

Sanganeb kuwa ban san yadda zan kwatanta ba sai dai in ce a je a gani. Zobe ne na murjani a tsakiyar teku wajen kilomita 25 daga gaɓa, babu ƙasa ko taki ɗaya sai doguwar hasumiya mai fitila da ake hawa a hango ruwan ya rabu kala kala. Sudan ta killace wurin tun 1990, a 2016 UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya tare da Dungunab da ke can arewa, inda ake samun kifin manta da wani ɗan uwan ayu mai kiwo a ciyawar ƙarƙashin ruwa. Irin waɗannan duwatsu basu kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba amma kusan rubu'in halittun teku a jikinsu suke rayuwa, kifin da masunta ƴan ƙabilar Beja ke kawowa kasuwar Bur Sudan daga nan yake. Kuma suna cikin wani hali, don akwai wani ɗan gansakuka da ke zaune cikin naman murjani yana bashi abinci da launi, in ruwa ya ɗumama da digiri ɗaya kacal sama da yadda ya saba na wasu makonni sai murjanin ya fitar da shi ya koma fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu. An ga haka a duniya a 1998 da 2010 da 2014 zuwa 2017, a Afrilun 2024 aka sanar da na huɗu wanda ya fi duka faɗi. Ni a ganina jiragen baƙin nan, duk da nasu laifin na jefa anka da zubar da shara, su ne idon da ke kan wurin, masu satar shak basa son inda ake kai da kawo da kyamara.

Yanzu idon ya ɗauke. Tun 15 ga Afrilun 2023 da sojan Sudan da dakarun RSF masu ja da su suka fara gwabzawa baƙi suka daina zuwa, Bur Sudan ta cika da ƴan gudun hijira, gwamnati a lokacin ta koma can da zama, ta nan aka kwaso ɗalibanmu da dama zuwa Abuja, a Mayun 2025 kuma jirage marasa matuƙi suka kai ma garin hari har rumbunan mai suka kama da wuta. Bana ba kowa shawarar zuwa Sudan nutso a wannan hali, mai so ya nufi Masar ko Saudiyya tukuna. Masu jiragen da yawa sun tsallaka da abinsu, kuku da matuƙin kwalekwale da yaron da ke ɗaukar silinda su aka bari a gaɓa, aminina da muka yi waya kwanaki yace gyaran janareta yake a kasuwa, in an samu a ci in ba a samu ba a yi haƙuri. In kuna da wakili ko wani mai aiko muku da rahoto daga Sudan, don Allah Malam Edita a sa shi ya leƙa tashar ƙananan jirage ta Bur Sudan ya zanta da waɗannan mutane, ya tambayo mana wa ke gadin Sanganeb yanzu, ba zai sha wahalar tafinta ba don zai samu masu amsa masa da Hausa.

Na gode da wannan fili, Allah ya kawo ma Sudan zaman lafiya.

Naka mai karanta jaridarku a kullum,
wani tsohon mazaunin Bur Sudan, daga Kano.